Daga Gwiwa Zuwa Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda Ya halicci ɗan Adam da kai a sama da ƙafa a ƙasa, kuma Shi kaɗai Ya san wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Washington da kewaye, Alhaji Tahir. Mataimakinsa kuma wakilin 'yan'uwanmu na Nijar, Alhaji Souleymane. Limamanmu da suka taso tun daga Sterling. Ma'aikatan gidan rediyo, waɗanda muryoyinsu suka fi fuskokinsu suna. Direbobi abokan sana'ata, waɗanda suka bar fasinja a filin jirgi suka zo. Baƙuwarmu kuma malamar matanmu, Madam Pauline Kambai. Iyayenmu mata da ƙannenmu mata da ke zaune can baya kusa da tukwane, inda muka saba ajiye su. Yara, waɗanda ke jin duk abin da nake faɗa amma za su amsa mini da Turanci. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Shekara goma sha shida ina cikin ƙungiyar nan, kuma sau uku aka taɓa miƙo mini makirufo. Sau biyu don in sanar da cewa wata farar mota ta tare hanya, sau ɗaya don in riƙe wa liman. Yau ne na huɗu, kuma tunda ban san ranar da na biyar zai zo ba, ku gyara zama. Ina kuma godiya ga waɗanda suka tuƙa tuwon nan, wanda na lura ya fi ni tara jama'a.

An rubuta ƙarfe biyu a takardar gayyata. Aka kunna fim ƙarfe huɗu. Rabinku kuka shigo zauren nan na Upper Marlboro ƙarfe huɗu da rabi, kuna tambaya ko an fara. To, bari in gaya wa waɗanda suka makara abin da ya tara mu.

Madam Pauline mutuniyar Kafanchan ce, kuma Hausarta ta fi ta wasu da ke zaune a babban tebur. Tana aiki a wata 'yar cibiya ta unguwa a Takoma Park, inda ake koya wa mata baƙi, waɗanda aiki ya yi wa yawa kuma karatu ya yi wa kaɗan, yadda ake haɗa fim. Ta ɗebi matanmu takwas: masu gyaran ɗakunan otal, masu kitso, masu jinyar tsofaffin Turawa a gidajensu. Wata huɗu suna haɗuwa kowace Lahadi da la'asar. Aka ba su aron kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya, da wani ɗaki mai faɗin shagon mai shayi. Suka haɗa fim na minti ashirin da biyu, suka sa masa suna da kalmar da kowannenmu ke faɗa in ya kira gida: Muna Nan Lafiya.

Sharaɗin cibiyar guda ɗaya ne. Jibi Litinin, kafin sha biyun rana, a kai fim tare da takardar yarda mai ɗauke da sa hannun duk wanda ya yi magana a ciki. In an kai, kyamara da kwamfuta da ɗaki sun zama nasu har shekara guda, kuma wasu mata goma sha biyu da suka rubuta suna za su shiga aji. In ba a kai ba, a kwashe kayan a ba wa na gaba, kuma 'yan Habasha suna nan a layi, su kuwa ba sa makara. Matan da ke cikin fim duk sun sa hannu. Maza bakwai ne a ciki, har da ni, kuma babu ko ɗayanmu da ya sa. Ga takardun nan a gabana, farare ƙal kamar haƙoran mai tallar man goge baki.

Ranar Talata Alhaji Tahir ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam Yusha'u, kai ne masanin fim ɗinmu. Ka tashi ranar Asabar ka yi wa jama'a bayani a ilmance cewa aikin nan ya lalace, sai an sake ɗauka." Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, sake ɗauka kafin Litinin ba zai yiwu ba. Ya ce wannan ba matsalata ba ce, ni dai in kawo ilmi.

Masanin fim. Shekara goma sha shida yana kirana "direba", sai ranar da ake neman wuƙa aka tuna ni maƙeri ne. Don yara su sani, ni na yi digiri a wasan kwaikwayo. Gwamnati ta tura ni Gabashin Turai, na yi shekara huɗu ina karatun haɗa fim cikin sanyin da ke sa hawaye ya daskare a kumatu. Na komo da takardar shaida mai tambarin zinariya da labarin fim na shafi ɗari uku da arba'in wanda na rubuta da hannuna. Ƙasar da ta haife ni ta ce in dawo bayan kasafin kuɗi. Na yi ta dawowa shekara goma sha ɗaya. Ƙasar da ta karɓe ni kuwa tambaya ɗaya ta yi mini: ka iya tuƙi? Labarin yana nan a but ɗin tasi, kusa da safaya. Su biyun babu wanda ya taɓa taka ƙasa.

To, an ce in kawo aibin fim, kuma na kawo. Guda uku ne.

Aibi na farko: mazan da ke cikin fim ɗin nan ba su da kai. Ba zagi nake ba, bayani nake. Dattijai bakwai, kowanne an ɗauke shi daga gwiwa zuwa ƙasa. Murya tana tashi daga sama kamar ta mai shela a tashar jirgin ƙasa, allo kuma cike da takalmi.

Ga yadda abin ya faru. Mai riƙe da kyamara ita ce Zeinabou, mutuniyar Damagaram, ga ta can tsugune a gefen zaure tana ɗaukar wannan jawabi, wato tana ɗaukar ƙafafun teburin da nake tsaye a bayansa. Madam Pauline ta koya mata komai: haske, sauti, inda ake tsayawa. Abu ɗaya ta manta ba ta karanta ba, shi ne tarbiyyar gidan su Zeinabou. Ranar da suka je ɗaukar Alhaji Tahir, yana fitowa falo, sai Zeinabou ta durƙusa ta gaishe shi, kyamara a kafaɗa tana aiki. Ya amsa gaisuwa, ya zauna, ya fara bayani. Ita kuwa tunda bai ce ta tashi ba, ba ta tashi ba. Shi kuma bai ce ta tashi ba domin a rayuwarsa bai taɓa lura akwai wadda ke jiran a ce mata hakan ba.

Aka zo ɗauka ta biyu, matan suka tafi da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, wanda Hajiya Ɗija, babbarsu, ta raɗa wa suna murhu. Zeinabou ta dube shi, ta kwance ƙafafunsa, ta sauke shi har ya koma tsawon kujerar tsakar gida, ta zauna a bayansa. Aka ce to, ko daga ƙasan ne, ta ɗaga bakin kyamara sama ya kalli fuska. Ta ce, "In na ɗaga, ta cikin gilashin idona zai shiga cikin nashi. A gidanmu ba a kallon babba tsakiyar ido, ko da na'ura ce tsakani."

Ni ne na biyar da suka ɗauka, kuma a nan ne ilmi ya kashe ni. Na ga kyamara a ƙasa. Wallahi na gani. Amma a makarantarmu an koya mana cewa in aka ajiye kyamara ƙasa ana kallon mutum daga can, to, so ake a nuna shi gwarzo, kamar gunkin da ake kafawa a dandali. Sai na ce a raina, a ƙarshe dai an samu wadda ta gane ko ni wane ne. Na gyara hula. Na turo haɓa gaba. Na juya ɓangaren fuskata na hagu, wanda wata malama ta taɓa ce mini ya fi kyau a shekarar 1978. Minti hamsin ina bayani a kan tarihin majigi, wuyana a sanƙare, har sai da na yi kwana biyu ina shafa man zafi. Ashe duk wannan lokaci da takalmina ake hira. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma ni har kwanciya na yi na miƙa wuya.

Da Madam Pauline ta zuba kaset a kwamfuta ta ga awa bakwai na takalma, an ce ta dafe kai ta kira sunan Ubangiji da harsuna uku. Ta ce a sake. Sai Hajiya Ɗija ta ce a kashe sautin tukuna. Aka kashe. Ta zauna tana nuna allo da yatsa tana kiran suna: wannan Alhaji wane, wannan Malam wane, wannan mijin wance ne, ya sake takalmi tun bara. Bakwai cikin bakwai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Madam ta tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "'Yar nan, ai haka muka san su."

Haula, mai kitso a Takoma Park, wadda ita ke yanka hoto tana jerawa, ta ce in haka ne ba za a sake komai ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Aibi na biyu, kuma shi ne ya hana mutane bakwai barci: a fim ɗin nan hoto yana ƙaryata murya. A ƙa'idar da na karanta, murya da hoto mata da miji ne, ko ba sa shiri a gida, ba sa tona wa juna asiri a bainar jama'a. A nan kuwa kowane takalmi ya zama ɗan sanda.

Kun ji muryar mai girma shugaba tana cewa yana harkar gidaje a jihar Maryland. Gaskiya ne. Amma a ƙasan shaddar nan mai aiki har gwiwa, ga wani ƙaton takalmi mai bakin ƙarfe, da ɗigon fenti fari da shuɗi da ruwan ƙwai. Harkar gidaje dai, Alhaji, amma daga kan tsani. Kun ji Alhaji Souleymane yana cewa shigo da kaya da fitar da kaya yake yi. Ga takalmin roba irin na masu aikin kicin, yana ƙyalli da man suya. Shi ma bai yi ƙarya ba: yana shigo da kwanuka masu datti, yana fitar da wankakku. Malam Mustafa na gidan rediyo kuwa, shi aikinsa na gaskiya ya faɗa, ba shi da abin ɓoyewa. Sai dai ya saba da cewa ba a ganinsa in yana magana, ya sa kwat da laƙataye a sama, ya zura silifas ɗin 'yarsa Surayya a ƙasa, mai kunnuwan zomo. Minti uku yana sharhi a kan makomar dimokuraɗiyya a Afirka ta Yamma, kunnuwan zomo suna kaɗawa duk inda ya kai aya.

Ku yi dariya, ai yanzu zan zo kaina.

An ba ni faifan fim ɗin ranar Alhamis don in shirya wannan suka. Na kalle shi da rana tsaka a cikin mota, a inda 'yan tasi ke jiran layi a filin jirgin saman Dulles da ke Virginia. Na ji muryata, mai daɗi kuwa, tana cewa ni mai ba da shawara ne a kan harkar sufuri. Abin da na gaya wa dangina ke nan tun shekarar da na zo. Ƙanwata har ta sa an rubuta shi a katin bikin 'yarta. Sai ga takalmina a allo. Na hagu lafiya lau, kamar jiya aka saye shi. Na dama kuwa dugadugin ya cinye ta gefe ɗaya, ya zama kamar an yanka da wuƙa. Duk direban da ke zauren nan ya san wannan ciwo. Shekara goma sha shida ke nan na dugadugi a kan tabarmar mota, tsakanin totur da birki.

Ba ma wannan ba. Haula ta bar wurin da aka tambaye ni yaushe zan koma gida. Baki ya ce, "Nan ba da jimawa ba, in Allah Ya yarda." Ƙafar dama ta ɗaga, ta matsa hagu kaɗan, ta danna ƙasa da ƙarfi. Birki ta taka, jama'a. Ni ban san ta yi ba. Na mayar da wurin baya sau huɗu, har na bayana ya yi ta danna mini oda don layi ya matsa. Malamanmu suna nan, sun karantar da mu cewa akwai ranar da za a rufe bakuna, ƙafafu su ba da shaida. Na yi imani da wannan tun ina yaro. Ban dai zaci za a yi mana gwajinta a Virginia ba.

Abin da muke tsoro ke nan, mu bakwai, kada mu yaudari kanmu da maganar ƙa'idar fim. Muna tsoro a sa abin nan a intanet, wani ɗan ƙanen matar maƙwabci a Kano ko Maraɗi ya gani, ya ce ashe Alhaji fenti yake yi. Da an nuna fuskokinmu da hulunanmu muna zuba, da tun a ranar mun sa hannu, har mu nemi a ƙara mana minti. Ba rashin kai ne ya dame mu ba. Yawan ƙafa ne.

Aibi na uku.

Matan da ke cikin fim ɗin nan an ɗauke su a fuska. Fuska cike da allo, ido cikin ido. Dalili kuwa mai sauƙi ne: mace ba ta durƙusa wa sa'arta, saboda haka da suka zo ɗaukar junansu, mai kyamara a tsaye take. A ƙa'ida wannan rashin daidaito ne, rabin fim a sama, rabi a ƙasa, kuma da ɗalibi ya kawo wa malaminmu irin wannan, da ya jefe shi da toka daga lofe.

Ana cikin haka sai ga wata mace a allo tana magana. Ta ce ɗaki goma sha shida take gyarawa kullum a wani otal a Sterling. Ta ce ta san baƙo daga abin da ya bari a ƙarƙashin gado. Ta ce in ta haɗu da su a baranda suna ce mata sannu ba tare da sun dube ta ba, kamar yadda ake yi wa ƙofa mai buɗe kanta. Ta ce mijinta Hamissou direba ne, ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya biyu, kuma duk Juma'a tana kiran tsohuwarta ta ce mata muna nan lafiya. Ta ce ba ta yi lekol ba, wato makarantar boko, ko sunanta da ƙyar take rubutawa, amma ranar da ta fara leƙa gilashin kyamara ta ga ita ke zaɓen abin da za a gani da abin da za a bari. Sai ta yi dariya, ga wushirya.

Na zauna a mota ina cewa, wannan wace ce? Daga wace jiha aka ɗauko ta? Sai da suna ya fito a ƙasan allo. Zeinabou. Wadda ta zauna a gabana minti hamsin. Wadda na ɗauki gawar mijinta da kafaɗata. Shekara tara tana gaishe ni a kowane suna da kowace Salla, ina amsawa da "lafiya lau, matar marigayi", kuma wallahi da an tara ni da ita a kotu an ce in nuna ta, da sai dai in ce duk matan su sunkuya in duba tsakiyar ɗankwali. Ita ta san ni da takalmi, ni na san ta da ƙullin ɗankwali. Ban san tana da wushirya ba. Ban ma san tana dariya ba.

Hausawa suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ni yau zan ƙara musu, kyauta: abin da mace ta gani a durƙushe, namiji ko ya hau mumbari ba zai gan shi ba. Shekara huɗu malamaina suna buga tebur suna cewa kyamara ido ce, ka ajiye ta inda idonka yake, ka nuna duniya yadda kai ka same ta. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban taɓa aikatawa ba ko sau ɗaya. Mai gyaran gado ta aikata cikin wata huɗu, ba ta ma san sunan abin da ta yi ba. In kun ga ina ɗaci, wannan ne ɗacin. Na so ƙwarai fim ɗin ya zama marar kyau. Na shiga motar nan da biro ja a hannu, da yunwar gyara irin ta wanda ya yi shekara talatin ba a tambaye shi ra'ayi ba. Na fito ban rubuta komai ba sai lambar fasinja.

Mai girma shugaba, ka ce in kawo ilmi. Ga shi: fim ɗin nan ba ya buƙatar gyara. Mu ne muke buƙata, kuma namu ba zai yiwu kafin Litinin ba.

Saboda haka ga biro. Ga takarda mai sunana. Ku shaida. Yusha'u, mai ba da shawara a kan harkar sufuri, wato in fasinja ya tambaye ni hanyar da ta fi sauri. Na sa hannu. Saura shida.

Na san wasu suna cewa a ransu, tsohon nan ya sa nasa, mu mu ƙi, magana ta mutu. To, in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Jiya na kira Madam Pauline na tambaye ta, takardar nan izinin mene ne? Ta ce na fuska ne da murya. Na ce takalmi fa? Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa jin an nemi izinin takalmi ba. Na ce madalla. Duk wanda bai sa hannu ba, za a cire muryarsa, haƙƙinsa ne. Takalminsa kuwa yana nan daram. Matsalar kawai ita ce takalmi ba zai zauna shiru minti uku a allo ba, sai an ɗora masa wata murya, kuma matan nan, in ban da Haula mai yanka hoto, duk suna da aiki gobe, babu mai lokaci.

Ni ina da lokaci. A makarantarmu darasin da na fi kowa ci shi ne ɗora wa hoto murya. Na taɓa yi wa doki magana da harshen da ba nawa ba, har malami ya share hawaye. Gobe Lahadi na ajiye tasi, ni da Haula za mu shiga ɗakin nan daga safe. Duk takalmin da mai shi ya yashe shi, ni zan ara masa baki. Kuma ku tuna, shekara goma sha shida ina ɗauko ku daga filin jirgi kyauta, kuna zaune a baya kuna waya, kun ɗauka kujerar gaba ba ta da kunne. Na san wanda ya ce wa surukinsa dusar ƙanƙara ta rufe banki a watan Yuli. Na san wanda ke tsayawa a bayin gidan mai ya sauya kayan aiki da babbar riga kafin ya isa masallaci. Takalmi mai bakin ƙarfe zai yi bayani dalla-dalla. Zomo ma zai tofa albarkacin bakinsa.

A'a, Malam Mustafa, a hankali, kada ka ture yara, takardar ba gudu za ta yi ba. Ku ba shi biro. Alhaji Souleymane, naka ne na uku daga sama. Liman, kai ba ka cikin fim, koma ka zauna, Allah Ya saka da alheri. Huɗu. Biyar. Wa ya tafi da biron? Shida.

Saura ɗaya. Mai girma shugaba yana laluben aljihu. Babbar riga aljihunta zurfi gare shi, mu yi masa uzuri. Alhaji, kafin ka samo, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Falon gidana kai ka yi masa fenti shekara shida da suka wuce, ka ce in an tambaya in ce wani ɗan Meziko ne. Har yau ko tsaga babu. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. A duk abin da mu bakwai muka faɗa a fim ɗin nan, babu abin da ya kai ɗigon fentin nan daraja. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa gaskiya, wadda ta fi mu tsawo duka.

Ga nawa biron, Alhaji. Ja ne, na gyara ne, amma yana rubutu.

Zeinabou, 'yata. Shekara tara ba a ce miki ba, to, yau na ce: tashi. Tashi tsaye, ɗaga murhun nan har iyakar tsawonsa. Wannan umarnin babba ne, in kin ƙi kin yi rashin kunya. Yawwa. Juya ki ɗauki shugaba yana sa hannu, a fuska, da hular da komai, ya daɗe yana jira. Bakwai. Madam Pauline, ga takardunki, ki ƙirga da kanki, ki ce wa 'yan Habasha Allah Ya ba su nasu rabon.

Yanzu juyo nan ki ɗauke ni, ɓangaren hagu. Me Hajiya Ɗija ta ce daga baya can? Ku maimaita mini, kunnena ya yi nauyi. Ta ce takalmin ya fi kyau. Na ji, Hajiya. Shekara talatin ina jiran mai sharhi ya kalli aikina, kuma ga abin da na samu.

Ina roƙon Allah Ya albarkaci matan nan takwas da sha biyun da ke tafe, Ya ƙara wa idonsu haske da gwiwarsu hutu. Allah Ya jiƙan Hamissou da duk namu da suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba. Allah Ya raya mana yaran nan, Ya sa wata rana su amsa mana da Hausa ko da kalma biyu ce. Allah Ya ba masu fenti tsani mai ƙarfi, Ya ba masu wanke-wanke ruwa mai ɗumi, Ya ba direbobi fasinja marar surutu. Allah Ya sa ranar da muka ce wa na gida muna nan lafiya, baki da ƙafa su faɗi abu ɗaya. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kuma mai farar motar da ke bakin ƙofa, ya tare hanya, ya zo ya janye.

Na gode.